Hoto Ya Fita Tar, Murya Ta Maƙale: Faman Masu Ɗaukar Dokumentari da Waya a Bauchi

Duk wanda ya buɗe YouTube ya nemo jawabin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Legas ranar 1 ga Oktoban 1960, ko hotunan ziyarar da ya kai Amurka a watan Yulin 1961, zai tarar da tsohon hoto, wani wuri ya dushe, wani wuri yana rawa. Muryar kuwa tana nan garau, kowace kalma da nauyinta, irin muryar da ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Shekara sittin da ɗoriya ke nan. A garin da aka binne shi, yau matashi zai ɗauki dattijo da wayar da ke fitar da hoto har a ƙirga furfurar gemu, amma in aka kunna sai an kara kunne a jikin lasifika kafin a tsinci abin da yake faɗa, tsakanin ƙugin janareta da hon ɗin keke napep.

Waɗanda suka ɗauki Ɓalewa sun kafa masa makirufo dab da baki, kuma akwai mutum guda da ba shi da wani aiki a wurin sai saurare. Wannan mutumin ne babu a yawancin ƙananan ayarin masu ɗaukar dokumentari na yanzu. Mai riƙe da waya shi ne darakta, shi ne mai tambaya, shi ne mai korar yara daga gaban kyamara, kuma idonsa na kan allo. Kunnensa ba ya kan komai.

A mazaɓar Ɗan Iya da sauran unguwannin cikin Bauchi, masu wannan aiki iri-iri ne, kuma ba kowa cikinsu zai kira kansa ɗan fim ba. Akwai ɗaliban aikin jarida na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, waɗanda ake nema su haɗa ɗan gajeren shiri kafin su kammala. Akwai masu ɗaukar biki da suna da suka gaji da rawar ƙawayen amarya, suna son su taɓa wani abu mai tsawon rai. Akwai ma'aikatan ƙungiyoyin sa-kai, da masu neman mabiya a Facebook da TikTok, da jikan da ya lura kakarsa ta fara manta sunaye. Abin ɗauka kuma bai yi ƙaranci ba: ragowar ganuwar da ta kewaye birnin da Malam Yakubu ya kafa a 1809, da ƙofofinta irin su Wunti da Ran da Nassarawa da Jahun, da maƙera da majema, da hadahadar kasuwar Muda Lawal, da giwayen Yankari da ruwan ɗumi na Wikki. Wayoyin Tecno da Infinix da ke aljihun kowa sun raba gardama a kan hoto. Sauti ne har yanzu ke kayar da mutane.

Taki ɗaya daga baki

Akwai lissafi mai sauƙi da ya kamata kowane mai ɗauka ya haddace. A fili, duk lokacin da tazarar da ke tsakanin baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kusan desibel 6. Makirufon da ke maƙale a ƙirji, santimita 20 daga baki, in aka janye shi zuwa mita 3 da 'yan kai, an ninka tazarar sau huɗu ke nan, an yi asarar desibel 24. Janaretan maƙwabci kuwa bai matsa ko'ina ba, ƙararsa na nan yadda take. Wayar da aka ɗora a kan ƙafar kyamara a can nesa domin a samu cikakken hoton mutum da zaurensa, ita ce kuma ake sa ran ta kamo muryarsa. Ba za ta iya ba, komai tsadarta.

Maganin a bayyane yake, a matso da makirufo. Sai dai a ƙasar Hausa tazara ba ta lissafi ce kaɗai ba, ta ladabi ce. Yaro ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da dattijo. Yana durƙusawa can gefe, ya sunkuyar da kai. Saurayin da ya zo hira da mai unguwa ko limami zai yi ta juya ɗan makirufon a hannu, yana jin nauyin ya ce, “Baba, za mu ɗan maƙala maka wannan a wuyan riga.” Da yawa sukan haƙura su ajiye shi a kan tabarma, su koma gida da muryar da ba ta fita. In mai sarauta ne ya naɗa rawani, amawali ya rufe baki, murya ta ƙara dusashewa. In babbar rigar shadda ce mai sitaci, duk motsin hannu sai ya shiga kamar ana yayyaga takarda. Ga carbi yana ƙas-ƙas a tsakanin yatsu, ga goro a kumatu.

Ɓangaren mata ya fi wuya. Gida ba shiga ne, don haka ayarin da babu mace a cikinsa ya rasa rabin labarin gari tun kafin ya fara. In ma an fito da Inna zaure, ba namijin da zai kai hannu jikin hijabinta, kuma makirufon da aka cusa ƙarƙashin mayafi yakan kwashi gogar yadi da kaɗawar awarwaro fiye da magana. Ga kunya, mai sa murya ta yi ƙasa daidai inda zance ya yi nauyi. Ayarin da ya koya wa yarinya ɗaya yadda ake maƙala makirufo a wajen hijabi, a tsakiyar ƙirji, a ɓoye wayarsa, ya fi wanda ya sayi sabuwar kyamara dabara.

Wata matsalar daga bakin mai tambayar take fitowa. Bahaushe ba ya barin babba ya yi ta magana shi kaɗai. Dole a amsa: “Na'am.” “Haka ne, ranka ya daɗe.” “Ƙwarai kuwa.” “Allah Sarki.” Wanda ya yi shiru an ce ya raina mai magana, ko hankalinsa ba ya wurin. Amma kowace “na'am” tana hawa kan jelar maganar dattijon, kuma idan an zo tacewa babu almakashin da zai raba su. Ƙwararrun 'yan rediyo sun daɗe da koyon amsawa da kai da ido, su kuma gaya wa mai maganar tun farko cewa shirun na aiki ne, ba na raini ba. Saura 'yan zaman zaure, waɗanda ba za a ce su tashi ba, kuma ba za su ji an ambaci sunan marigayi su fasa cewa Allah ya jiƙansa ba. Wannan kam sai dai a karɓe shi a matsayin wani ɓangare na fim ɗin, domin haka ake hira a garin.

Gari mai magana

Kunnen mutum gwanin tacewa ne. Wanda ya tashi kusa da injin niƙa ya daina jin sa tun yana yaro. Makirufo bai da wannan baiwa, duk abin da ya zo masa ɗauka yake yi. Wayar salula ma tana ƙara dagula lamarin, saboda tana da tsarin da ke ɗaga ƙarfin sauti da kanta idan ta ji shiru. Da zarar dattijo ya tsaya jan numfashi, sai ta ɗago kukan akuya da ƙarar babura, in ya ci gaba da magana ta sake danne su. Sakamakon shi ne hayaniya mai tashi da sauka, wadda ta fi mai tsayawa wuri ɗaya gajiyar da mai saurare.

Wutar lantarki tana cizo ta kowane gefe. In an ɗauke, janaretocin masu shago da masu cajin waya su tashi. In an kawo, fanka da firji da talabijin da injin walda su karɓa. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama, har da Bauchi, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, kuma mai tace fim a kwamfuta ba shi da zaɓi sai man fetur, wanda tun cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 ya ninka kuɗinsa sau da yawa. Ita kanta wutar tana da murya. Lantarkin Nijeriya yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wanda ya ɗauki sauti waya na jone da caja mara kyau yakan tarar da wani gunji siriri a ƙarƙashin maganar daga farko har ƙarshe. Layin waya ma yakan shiga da nasa ƙirrr idan kira ko saƙo na shirin shigowa, shi ya sa ake rufe layin duk wayoyin da ke kusa kafin a fara.

Mafi arhar kayan aiki a nan shi ne agogo. Tsakanin idar da sallar asuba da fitowar 'yan makaranta gari yana da ɗan sauƙi: masu niƙa ba su buɗe ba, mai tallan maganin gargajiya bai kunna lasifikarsa ba, hasken rana kuma yana da laushi. Dattawa ma sun fi sakin jiki a lokacin. Wanda ya sa hira ƙarfe ɗaya na rana ya san kiran sallar azahar zai tarar da shi daga masallatai uku ko huɗu, ɗaya na gamawa ɗaya na farawa. Tsayawa ake yi, don girmamawa da kuma don aiki: maganar da aka ɗauka kiran salla na tashi a bayanta ba ta yankuwa, domin duk inda aka datse za a ji kiran ya yi tsalle.

Zaɓen ɗaki shi ma yana ba mutane mamaki. Mai gida zai so a ɗauke shi a sabon falo, mai tayil da silin da bangon siminti mai santsi, saboda nan ne wurin fita kunya. Amma irin wannan ɗaki amsa-kuwwa yake yi, murya na dukan bango tana dawowa, har kalmomi su haɗe. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara, da tabarmi a shimfiɗe da buhuna a jingine, ya fi shi riƙe murya nesa ba kusa ba. Ɗakin tsohuwa mai katifa da labule da tulin zannuwa ya fi duka. In dole sai falon, a shimfiɗa darduma, a saki labule, a rataya bargo a bayan kyamara inda ba za a gani ba.

Sai fanka. A watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, kashe fanka zalunci ne, barin ta kuma ɓarna. Dattijon da ke gumi yakan gajarta amsa. Waya ma tana da iyaka: kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma sauran wayoyi ba su fi haka juriya sosai ba, sukan rage haske ko su katse ɗauka idan sun yi zafi. Da hunturu iska ce ke buga makirufo, bugun da soso siriri ba ya tarewa sai an sa masa rigar gashi, ƙura kuma na cika ramin caja da na makirufo. Da damina, ruwa a kan rufin kwano ya isa ya tashi hira ɗungurungum.

Tafi ɗaya

Kayan da ake samu a shagunan waya sun wadatar, in an san halinsu. Boya BY-M1, ɗan makirufon maƙalawa mai igiya kusan mita 6, ya zama na kowa saboda arha. Yana da ɗan maɓalli mai gefe biyu, ɗaya na waya, ɗaya na kyamara mai aiki da ƙaramin batir, kuma an yi asarar hira da yawa saboda an bar shi a gefen da ba nasa ba. Bakin igiya ma iri biyu ne: mai zobe biyu na kyamara, mai zobe uku na waya, kuma in aka saɓa zai shiga ramin lafiya lau amma ba ya ɗaukar komai. Wasu wayoyin Android, manhajar kyamarar da suka zo da ita ba ta kula makirufon waje, sai an sauko da irin su Open Camera an zaɓe shi da hannu. Ƙananan marasa igiya da ake sayarwa da sunan K8 da K9 sun sauƙaƙa tafiya da mai magana cikin kasuwa, amma sukan yanke, kuma tace hayaniyar da suke yi da kansu yakan sa murya ta yi kamar daga cikin rijiya.

Duk waɗannan kurakurai abu ɗaya ke tona su: a ɗauki gwaji na rabin minti, a sa iyafis a saurara kafin a fara. Abin mamaki ne yawan masu tsallake wannan.

Dabarar da ta fi ceton masu ƙaramin ƙarfi ita ce waya biyu. Ɗaya na ɗaukar hoto daga nesa, ɗaya na aljihun mai magana ko a kan matashi kusa da shi tana ɗaukar murya zalla. Kafin a fara sai wani ya tsaya gaban kyamara ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi, wanda mai tacewa zai nema a hoto da sauti ya daidaita su. Aikin allon nan mai baki da ake bugawa a manyan finafinai ke nan. Amma a nan ma akwai tarko. Wayoyi ba sa riƙe adadin hotuna a daƙiƙa daram, sukan ƙara su rage gwargwadon haske da zafi. Hirar da ta fara baki da murya a tare, bayan minti ashirin sai a ga leɓe ya riga magana. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana mayar da bidiyo kan adadi tsayayye kafin a fara tacewa, kuma ɗaukar sauti a ma'aunin 48,000 a daƙiƙa, wanda shi ne na bidiyo, yana rage rikicin.

Wannan fama ya girmi wayar salula. A zamanin majigi, lokacin da motocin gwamnatin Jihar Arewa ke zagaya garuruwa suna haska finafinan wayar da kai irin su Baban Larai, akan tafi da mai sharhi da zai riƙe makirufo ya bayyana wa jama'a abin da suke gani. Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe fiye da rabin ƙarni yana ɗaukar finafinai a Nijar har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya fara ne da kyamarar da ake wanawa da hannu kamar agogo, mai tsayawa bayan daƙiƙa ashirin da 'yan kai, kuma ba ta ɗaukar sauti. Fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, a kan 'yan ci-ranin Nijar a Abijan, bebe aka ɗauke shi. Daga baya aka zaunar da Oumarou Ganda yana kallon hotunan yana magana a kansu. Sai da rikoda mai ɗaukuwa irin Nagra, wadda Stefan Kudelski ya ƙera a Suwizalan a 1951, ta haɗu da ƙananan kyamarori marasa ƙara wajen 1960, sannan aka iya bin mutum a titi ana ɗaukar fuskarsa da muryarsa lokaci guda.

Masana'antar finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, ta samo wa kanta hanya: waƙa a situdiyo ake yin ta, jarumai su bi da baki, maganar da ta lalace kuma a sake ta. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda kwafar kaset daga kaset ta sa hoto mai hazo da sauti mai tsatsa suka zama abin da masu kallo a Kano suka saba da shi. Mai dokumentari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan mafaka. Ba za a ce wa tsohuwar da ta fashe da kuka tana ba da labarin yunwa ta maimaita ba, kuma mai kallo a waya, wanda yatsansa ke kan allo, ba ya ba muryar da ba ya ji ko daƙiƙa goma. Jama'ar da ta tashi da sauraren tafsirin Shaikh Ɗahiru Usman Bauchi a rediyo da kaset ta saba karɓar magana babu hoto. Hoto babu magana ne ba ta saba ba.

Hawan salla yana kawo akasin matsalar zaure. A nan sauti ne ya yi yawa. Kakaki da algaita da tambura a ƙofar fada, da bindigar da ke tashi ba sallama, sun fi ƙarfin makirufon waya. Idan sauti ya haura iyakar da na'ura ke iya ɗauka, wato sifili a ma'auninta, sai kansa ya gutsure, abin da masu aikin ke cewa “ya fashe”. Shi ya sa masu rikoda ke barin magana tana kaiwa desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili, a wurin kiɗa kuma su ƙara ragewa. Sababbin rikodoji irin Zoom F3 da wasu makirufon Rode da DJI suna da tsarin da ke ba da damar dawo da sautin da ya haura, sai dai kuɗinsu da dala ake lissafa shi. Akwai kuma jinkiri: sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka wanda ya jawo hoton mai tambari daga nisan mita 70 zai ga sanda ta sauka, sai bayan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa a ji bugun. Kyamara mai tashi sama, wadda kowa ke sha'awa ranar hawa, ba ta kawo sauti sai kukan farfelarta, kuma dokar ƙasa ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

“Za mu gyara a editin”

Babu maganar da ta fi wannan cutar da ƙananan finafinai. Hayaniyar da ta shiga murya kamar gishiri ce da ya narke a miya. Audacity, manhajar kyauta, tana iya rage ƙara mai tsayawa wuri ɗaya kamar ta fanka ko gunjin lantarki, in aka ba ta samfurin ƙarar ita kaɗai. Wannan ne amfanin ɗaukar shirun ɗaki: bayan an gama hira kowa ya kame na minti ɗaya, a ɗauki ɗakin yadda yake, don a ba manhaja samfuri, a kuma cike gurbin da aka yanke kada a ji kamar an toshe kunne. Amma hon da kukan yaro da carar zakara suna zaune ne a daidai inda muryar mutum take, cire su sai an ɗebi naman maganar.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin wadda Adobe ya fitar da wadda ke cikin CapCut, suna yin abin al'ajabi a kan murya mai ɗan datti. A kan mai datti sosai kuwa ba tacewa suke yi ba, sake gina muryar suke yi bisa abin da suka koya, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da aka fi ciyar da su da su. Harshen da ke rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, mai ƙ da ts da ɗ da ɓ, yana iya fitowa sumul amma an lanƙwasa masa gaɓoɓi. A fim ɗin nishaɗi wannan aibi ne kawai. A shirin tarihi, inda sunan kakan wani ko sunan tsohuwar unguwa shi ne dukan abin da aka je nema, ɓarna ce. Mai hankali yana ajiye asalin sautin, ya kwatanta, ya kuma rage ƙarfin gyaran.

Idan gyara ya gagara, sai a rufe da kiɗa. Ga sautin fiyano mai ban tausayi a ƙarƙashin maƙeri, ga waƙar da aka ciro daga wani fim, wadda na'urar YouTube mai gano haƙƙin mallaka za ta kama ta karkatar da kuɗin talla ga mai ita. Rouch ya sha wannan darasi a 1954, lokacin da ya koma garin Ayorou na Nijar da janareta da farin ƙyalle ya haska wa Sarkawa masunta fim ɗin farautar dorina da ya ɗauke su. Ya sa kiɗan farauta a ƙarƙashin hotunan. Masuntan suka ƙi yarda: farautar dorina shiru ake yin ta, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Ya cire kiɗan. Maƙerin Bauchi ma yana da nasa kiɗan, guduma da uwar maƙera da zugazugi, in an matso an ɗauke su da kyau.

Matsalolin hoto sun fi saurin warwarewa. Layukan da ke yawo a allo ƙarƙashin ƙwan lantarki suna zuwa ne saboda waya na ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, tsarin Amurka, alhali wutarmu ta 50 ce. A mayar da ita 25. Farar riga da baƙar fata a tsakar rana suna rikita kyamara, ta gyara rigar ta bar fuskar cikin duhu. A koma inuwa, a kulle haske a kan fuska. Rubutun fassara a ƙasan allo yakan mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna in salon harafin bai san su ba. WhatsApp kuma yana matse bidiyo har ya lalace, sai an tura shi a matsayin fayil, wanda tun 2022 yake karɓar har gigabait 2.

Ajiya ce ba a cika zancenta ba. Memori na jabu, mai rubutun gigabait 64 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba, yakan nuna yana ɗauka, sai an zo buɗewa a tarar da fayil matacce. Waya takan faɗa ruwa, ko a sace, ko a sayar. Manyan hukumomi ma ba su tsira ba: fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 an daɗe ana ɗaukar ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Hukumar tana da makarantar koyon fim a Jos, tafiyar awa biyu daga Bauchi, inda Kwalejin Talabijin ta NTA ma take. A cikin gari kuwa, gidan rediyon BRC da BATV da Globe FM suna da injiniyoyin sauti da suka shekara suna wannan aiki, kuma ba kasafai matasan da ke ɗauka da waya ke tunanin zuwa gaishe su ba.

Jihar Bauchi tana cikin wuraren da harsuna suka fi yawa a Nijeriya, kuma da yawansu Hausa na haɗiye su. Ajawanci ya ɓace tun tsakanin 1920 da 1940. Russell Schuh ya rubuta nahawun harshen Miya, Bernard Caron ya yi aiki a kan Zaar na Sayawa, amma Geranci, harshen mutanen da aka tarar a wannan wuri, yana komawa bakin tsofaffi, haka ma Zulanci da Gejanci da wasu ƙananan harsunan da ke kewaye da birnin. Wanda ya ɗauki irin waɗannan tsofaffi, faifan muryar ne masu bincike za su nema nan gaba, tare da sunan ƙauye da ranar ɗauka a rubuce a jikin fayil, da kwafi a wuri biyu ko uku. Nauyinsa ma ba wani abu ba ne. Awa guda ta murya a tsarin WAV mara matsi, layi ɗaya, ba ta cika wuce megabait 520 ba, alhali minti ɗaya na hoton 4K a waya yana iya cin megabait 350.